Baiti Huɗu Kafin Ista

Litinin, 4 ga Maris, 5:50 na safe

Wayar nan ta tashe ni don ta gaya mini wai lokacin tsara yini ya yi. Kamar yinin a hannuna yake. Na kife ta, na ɗauko wannan tsohon littafin rajista mai sauran shafuka a baya, don akwai abin da ba ya shiga cikin akwatunanta.

Ƙanwata Christy ce ta sa mini manhajar da muka je gida Kirsimeti. Ta ce, "Yaya, shekara goma sha ɗaya kina koyarwa a Wurno, har bakinki ya koma 'mi' da 'awo', amma har yau a bayan ambulan kike rubuta ayyukanki." Akwati huɗu ne. Ja na abin da ba ya jira. Rawaya na abu mai muhimmanci da zai iya kwana. Shuɗi na wanda za ka ɗora wa wani. Ruwan toka na wanda za ka watsar. In ka gama aiki ka taɓa shi, sai taurari su zubo a fuskar wayar kamar an yi maka biki.

A ja yau: tambayoyin jarrabawar 'yan aji biyar, da waƙar Ista. Mama Augustina, shugabar zumuntar mata ta cocinmu, ta ce bana sabuwar waƙa take so, baiti huɗu da amshi, kuma ni Elisabatu zan tsara. Saura kwana ashirin da bakwai. Amshi kaɗai gare ni.

Andrawus yana gida. Mijin da shekara shida sai ranar Asabar nake ganinsa, don yana kula da injinan ban ruwa a wata gonar shinkafa can wajen Rimawa, ranar Laraba ya iso da tsakar rana, katifarsa ɗaure a bayan babur. Na ce, "Baban Kyauta, lafiya?" Ya ce, "Lafiya." Yau kwana biyar.

Talata, 5 ga Maris, 4:30 na yamma

Akwai wani agogo a ciki: minti ashirin da biyar ba ka taɓa komai sai aikin da ka zaɓa, sannan ka huta minti biyar. Na danna, na zauna da biro. Minti na huɗu mai ruwa ya buga ƙofa. Na bakwai akuya ta shiga kicin. Na goma sha ɗaya hedimasta ya kira yana neman abin da na ba shi jiya a hannu. Da agogon ya ƙare sai ya rubuto mini, "Madalla! Ki ɗan huta."

Layi ɗaya na rubuta, shi ma na soke.

Laraba, 6 ga Maris, 6:10 na yamma

Baban Kyauta ya ci loma uku. Yana zaune gindin dalbejiya tun da na fita, nan na dawo na same shi.

Alhamis, 7 ga Maris, 3:15 na yamma

Inna Habi, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, ta leƙo ina shanya.

"Malama, mi yas samu maigidanki? Kwana biyu ban ji tashin babur nai ba."

"Hutu yake, Inna."

"Hutu." Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. "To, Allah shi sa hutun lahiya na."

Ta sani, don gari ya cika da zancen cewa an kashe injinan gonar kwanaki, kuma sunan Andrawus ake kira. Ɗanta Lauwali ya kama fili bana a gefen gonar da Andrawus ke aiki, ya zuba albasa fangali ɗari da wani abu, kuma daga injinan nan yake shan ruwa. Da can in ya gan ni daga nesa yake cire hula ya gaishe ni. Jiya muka yi kiciɓis a bakin masallacinsu, ya tsaya gyaran takalmin da babu abin da ya same shi har na wuce.

Na buɗe manhajar, na rubuta sabon aiki a jerin da ake kira Gida: "Tambayi Baban Kyauta." Ta ce wane akwati? Na sa a ja. Ta ce yaushe? Na ce gobe.

Juma'a, 8 ga Maris, 7:00 na safe

Gobe.

Lahadi, 10 ga Maris, 2:20 na rana

Bai je coci ba. Mutum bakwai suka tambaye ni, na ƙirga. Na ce zazzaɓi. A cikin coci na faɗi haka, gaban bagade.

Bayan sujada muka zauna koyon waƙa, ana kaɗa tulu da kacau-kacau. Na rera musu amshin:

*Gari ya waye, mata ku taso,*
*Kukan jiya ba ya hana tafiya.*

Suka kama shi nan take, har Mama Augustina ta ɗan girgiza kafaɗa. Sannan ta ce, "To, baitocin fa?"

"Ɗaya ya kusa, Mama."

"Maman Kyauta, 'ya kusa' ba a rera shi."

Da na dawo wayar ta nuna mini wai na yi kwana goma sha huɗu a jere ina buɗe ta, kar in bari sarƙar ta tsinke. Ni ce ma ke mata aiki ashe.

Litinin, 11 ga Maris, 7:05 na yamma

Maƙwabta sun ɗauki azumi. Da aka kira magariba Inna Habi ta miƙo kwanon kunu da ƙosai ta kan katanga, kamar kowace shekara. Hannuna ya yi nauyi wajen karɓa.

"Amshi mana, ɗiyata. Kunu bai yi ma kowa laihi ba."

Na kai masa. Ya dubi kwanon, ya ce, "Daga ina?" Na faɗa. Ya tashi ya shige ɗaki.

Na shanye rabi don haushi.

Laraba, 13 ga Maris, 1:40 na rana, ofishin malamai

Na gama tambayoyin jarrabawa. Taurari sun zubo. Na gama baiti na ɗaya. Taurari sun zubo. Na sayo omo da ashana, su ma taurari iri ɗaya. Wayar ba ta san bambancin waƙa da ashana ba.

Akwai farar ambulan a ƙarƙashin katifar da ya dawo da ita. Na gani ne ina shara. Ban buɗe ba. Na ɗaga ta wajen taga, ban ga komai ba sai hatimi. Wannan ba buɗewa ba ne.

"Tambayi Baban Kyauta." Gobe.

Alhamis, 14 ga Maris, 5:30 na yamma

Christy ta kira. Ban gaya mata komai ba, na ce dai abubuwa sun yi mini yawa.

"Yaya, matsalarki kina barin babban aiki a dunƙule. Ki yanyanka shi ƙanana. Kuma kina amfani da shuɗin akwati kuwa? Ki riƙa ba wasu."

"In ba wa? Akuya?"

"To ki watsar da wani abu."

Na ce caji ya ƙare. Bai ƙare ba, yana saba'in da biyu.

Amma na yanyanka ɗin, don ba ni da abin yi. Na rubuta a jerin Gida: "Duba ko ya ci abinci." "Kar ki yi masa tsawa." "Kar ki yi kuka a gabansa." "In Kyauta ta kira daga makaranta ki ce kowa lafiya." Kowanne da lokacinsa. Yanzu sau biyar a yini wayar ke tuna mini abin da ban taɓa mantawa ba.

Juma'a, 15 ga Maris, 6:45 na safe

Ya kira Mode sau tara jiya. Ina jin ƙarar daga kicin tana shiga har ta katse. Mode abokin aikinsa ne a ɗakin injin, mutumin Rara. Shekara shida suna cin tuwo kwano ɗaya. A gari an ce wata waya aka bugo wa Andrawus kafin a kashe injinan, kuma Mode na wurin.

Asabar, 16 ga Maris, 5:20 na yamma

A tsarin wayar, yau daga tara zuwa sha ɗaya "Waƙa, ba a taɓa komai." Na danna agogon, na yafa gyale, na ce masa zan je kasuwa. Na hau mota, na sauka, na hau kabu-kabu har Rara.

Gidan Mode ba wuyar samu. Matarsa Khadijatu ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni haƙuri cewa azumi ake amma ga ruwa in zan sha. Ban sha ba.

"Ba shi nan, Malama. Ya yi tahiya."

Babur ɗinsa na jingine da zana, hularsa rataye a hannun babur. A ɗakin da ke bayanta wani ya yi tari, ya nemi danne shi.

Na zauna awa biyu. Muka yi hirar zafi, muka yi hirar tsadar taki, muka yi hirar haƙoran jaririnta. Ita tana duban ƙasa, ni ina duban labule. Da na ga rana ta karkata, kuma hanyar nan ba a yin ta bayan la'asar, na miƙe. Na ɗaga murya yadda nake yi wa 'yan bencin baya.

"In ya dawo ki ce matar Andrawus ta zo. Ba faɗa ya kawo ni ba. Shi kaɗai ke tsaye a wurin sa'ad da aka bugo wayar nan. Ba a ce ya yi ƙarya ba. Abin da kunnensa ya ji kawai."

Labulen bai motsa ba. Khadijatu ta raka ni har bakin hanya, idonta cike da ƙwalla. Ta ce, "Ɗiya biyar garai, Malama. Tsoro shikai." Na ce na sani.

A mota na duba wayar. "Kin ba Waƙa awa biyu cif. Haka ake so!"

Na dawo gida ba ko albasa ɗaya a hannu. Bai tambayi ina cefanen ba.

Lahadi, 17 ga Maris, 3:00 na yamma

Baiti na biyu ya fito a hanyar coci, na tsaya bayan wani shago na rera shi cikin waya kafin ya gudu. Matan sun ɗauki turare, suna kan hanyar kabari da sassafe. Nan na tsaya. Na kasa kai su.

Mama Augustina ta ce, "Sati biyu ya rage, kin bar mana mata a kan titi."

Talata, 19 ga Maris, 12:30 na rana

Na yi masa tsawa. A kan bokiti. Ya bar bokiti a hanya, na ci karo, na faɗi abin da ba na bokiti ba. Ya ɗauke shi ya mayar wurinsa, ya ce, "Yi haƙuri."

Da ya rama da na fi jin daɗi.

Laraba, 20 ga Maris, 10:50 na safe, ina gadin jarrabawa

Bari in rubuta yadda ya faru.

Na buɗe don in tura "Tambayi Baban Kyauta" zuwa gobe kamar kullum. Ban gan shi a yau ba. Na nema, na same shi can gaba, da ɗan rubutu a ƙasa: "Andrawus ya mayar da wannan aiki zuwa Alhamis, 28 ga Maris, 3:00." A samansa akwai wani sabo da ba ni na sa ba: "Kwamiti, Goronyo, 10:00."

Na fita bayan aji na kira Christy.

"Au, ban gaya miki ba? Ai jerin Gida na haɗa da wayarsa tun Kirsimeti, don cefane. Duk abin da kika sa yana gani."

"Duka?"

"Duka mana. Yaya, lafiya?"

Duka. Duba ko ya ci. Kar ki yi masa tsawa. Kar ki yi kuka a gabansa. Kwana shida wayarsa na ƙara a aljihunsa gindin dalbejiya, tana karanta masa cikina. Sati biyu yana kallon ina ture tambayar daga yau zuwa gobe. Kuma mutumin nan, da baki a fuskarsa, muna kwana ɗaki ɗaya, sai ta waya zai ba ni rana kamar likita.

Wani yaro ya ɗaga hannu yana neman ƙarin takarda. Na ba shi uku.

Laraba, 6:30 na yamma

Na ajiye masa abinci. Na ce, "Na gani." Ya ce, "To."

Juma'a, 22 ga Maris, 4:10 na yamma

Alhamis ɗin nan ce ranar miƙa sakamakon ɗalibai, ƙarfe tara. Ita ce kuma koyon waƙa na ƙarshe, ƙarfe huɗu. Wayar ta sa alamar gargaɗi: abubuwa sun ci karo, wanne za ki matsar? Yau kaɗai ta yi tambaya mai hankali.

Hedimasta ya ce in zan tafi sai in miƙa nawa ranar Laraba. Takarda ɗari biyu da sha shida, darasi huɗu. Mama Augustina ta fi wuya.

"Waƙarki ce, ba ki gama ba, kuma ba za ki zo ba?"

"Zan raka Baban Kyauta wani wuri, Mama."

Ta ce, "Zazzaɓin nan ne?"

"Shi ne."

"To ki je. Ki turo mini abin da kika ɗauka a waya. Sauran Allah ya san da su."

Na ɗauki baiti na uku da na huɗu na ja su zuwa ruwan toka. Ta tambaye ni, "Kin tabbata?" Ban tabbata ba. Na danna.

Litinin, 25 ga Maris, 6:50 na yamma

Maki, maki, maki. Yaro ya rubuta mini cewa babban birnin jiharmu shi ne Goronyo saboda can ruwa yake.

Inna Habi ta miƙo kunu, ba ta saki kwanon ba.

"An kira Lauwali wurin zaman nan na ran Alhamis, shi da waɗanda sunka yi hasara. Kwana shidda ba ruwa, albasa ta hwara kai. Kin san mi ke nan ga talaka."

"Na sani, Inna."

"Na ce mai, kai kana azumi. Abin da idonka yag gani shi za ka hwaɗi, ba abin da zuciya tas so ba. Ban san ko ya ji ba. Ɗan yau na."

Ta saki kwanon.

Laraba, 27 ga Maris, 2:00 na rana

Na miƙa sakamako. Na goge masa farar riga. Mode bai ɗauki waya ba.

Alhamis, 28 ga Maris, 11:40 na safe, Goronyo

Ina kan benci a waje. Bai ce in zo ba, bai ce kar in zo ba; na dai hau bayan babur ya tayar. Sun shiga tun goma da rabi. Manoma kusan goma sha biyar, da mutum uku masu manyan riguna daga wajen masu gonar. Lauwali ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Mode bai zo ba. Duk babur da ya tsaya sai na ɗaga kai.

Tagar a buɗe take amma fanka na cinye maganar. Sau ɗaya dai murya ta tashi, na gane ta Lauwali ce:

"Ni ban zo don shi ba! Albasata ta mutu, kowa ya gani. Amma ran da munka tai ɗakin injin da sanduna, shi ma waje munka ishe shi. Makulli ba hannu nai yake ba. Ku tambayi wanda yak karɓe shi."

Aka yi hayaniya, wani ya rufe tagar.

Alhamis, 6:40 na yamma

Sun ce za su rubuto. Shi ke nan abin da awa huɗu ta haifa: za su rubuto.

Muka tsaya a wata rumfa kusa da tasha. Ba mai sayar da komai, ana azumi. Muna zaune kamar baƙi biyu masu jiran mota, sai wayoyinmu suka yi ƙara tare, tawa a jaka, tasa a aljihu. Ƙarfe uku.

Ya ciro tasa ya duba. Ya ce, "Lokaci ya yi. Tambaya."

Na yi kwana ashirin da ɗaya ina shirya tambayar. Abin da ya fito shi ne, "Mi ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Kunya."

Daga nan ya faɗa. Tun daga wayar da aka bugo, da wanda ya bugo, da abin da shi ya ce, da abin da ya kamata ya ce bai ce ba. Akwai nasa a ciki, bai ɓoye ba. Ba zan rubuta a nan ba. Ba zan rubuta a ko'ina ba.

Na yi kukan da aka hana ni sau biyar a yini. Ya miƙo mini hankicin da ni na goge masa.

Asabar, 30 ga Maris, 9:15 na safe

Na kashe duk ƙararrawar in ban da ta makaranta. Na ce wa Christy ta koya mini yadda ake raba jerin Gida da wayarsa. Shi ya ce a bar shi. Wai ta nan yake sanin halin da ake ciki.

Lahadi, 31 ga Maris, 3:30 na yamma. Ista

Mun rera baiti biyu. Da muka kai ƙarshe na ɗaga hannu a tsaya, mai tulu ba ta gan ni ba, ta ci gaba. Sai Mama Augustina ta buɗe baki ta jefa nata baitin nan take. Ma'aunin bai daidaita ba, layi na uku ya fi sauran tsawo da taku biyu, kuma ta sa kalmar da da ni ce ba zan sa ba. Coci ya miƙe tsaye. Sau huɗu aka maimaita.

Ya zo. Bencin ƙarshe, kusa da ƙofa. Mutum bakwai ɗin nan suka je suna yi masa ya jiki.

Talata, 2 ga Afrilu, 7:20 na yamma

Ba takarda har yanzu. Ban san ko yana da aiki ba. Ban san ko baɗi muna Wurno ba.

Da asuba aka yi sallama. Lauwali ne, tsaye nesa da ƙofa, yana magana da ƙasa. Wai ya aro wani ƙaramin inji don fangalin da suka rage kusa da rafi, ya ƙi tashi, kuma an ce babu wanda ya san ciwon irinsa sai mutumin gidan nan. Bai gaishe ni ba. Andrawus ya ɗauki jakar sifanarsa suka tafi.

Sai dab da magariba ya dawo, farar rigar nan ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai, laka har gwiwa. Ita ya ga damar sawa, cikin duk rigunan duniya. Ya wanke hannu, ya zauna, ya cinye tuwo malmala biyu, ya miƙo kwano a ƙara miya. Yana lasar yatsa ya ce:

"Maman Kyauta, gishirin nan bai yi yawa ba?"

Wata guda ina dafa wa bango abinci. Yau da ya samu baki, gishiri ya gani.

Na ƙara masa miyar.